Jawabi a kan borin jini mai daɗewa



Zancenmu na yau borin jini ne, wanda ke fitowa ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi. In ya wuce sati 6 yana tafiya yana komowa, ya zama mai daɗewa. Mun ga wasu sun bar ƙwai da gujiya har sun rame, wasu na zargin maƙwabci da sammu.

Ga yadda abin yake. Cikin fatarmu Allah ya aje wasu ƙananan ƙwayoyi masu gadi. In sun ji baƙo, sai su zubo wani sinadari, histamin. Shi ke buɗa ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsattso ƙarƙashin fata, wurin ya kumbura. Kowane tudu kan baje kafin awa 24, wani ya fito daban. Ga mutane da yawa babu wani baƙo: garkuwar jikinsu ce da kanta ke tsokanar masu gadin. Shi ya sa barin abinci bai cika warkarwa ba. Ba a ɗaukarsa, kada mu raba akushi da mai shi.

Aspirin kan ƙara shi ga wasu. Maganin da ke tare histamin, kamar setirizin, kullum ake sha bisa umurnin lokotoro, ba sai ciwon ya taso ba. In harshe ko maƙogwaro ya kumbura, a kai mutum likita nan take, ko da tsakar dare.

Allah ya ba mu lafiya, amin.