Amurka Daga 2001 Zuwa 2010: Sai Bango Ya Tsage



Da kwamiti ya nemi in yi magana a kan manyan abubuwan da suka sauya rayuwar Amurkawa, sai na zaɓi shekaru goma, wato daga 2001 zuwa 2010, domin da wuya a sami wani a zauren nan da bai bi labaransu a rediyo ba. Malamanmu na Tarihi suna zaune, saboda haka in na yi tuntuɓe a gyara mani kamar yadda aka saba. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. To, manyan masifu uku suka faɗa wa Amurka a waɗannan shekaru, kuma kowace ta tarar da tsaga a cikin gida.

Ta farko ita ce harin ranar 11 ga Satumba, 2001, lokacin da mutum 19 suka ƙwace jiragen sama huɗu. Biyu suka daki tagwayen benayen cibiyar kasuwanci ta New York, ɗaya ya daki hedkwatar tsaro ta Pentagon, na huɗu ya faɗi a wani fili a jihar Pennsylvania. Kusan mutum 3,000 suka rasu. Hukumar da ta binciki lamarin ta bayyana a 2004 cewa CIA da FBI kowace tana riƙe da guntun bayani a kan wasu daga cikin maharan, amma ba su haɗa kai yadda ya kamata ba. Tsoron da ya biyo baya shi ya haifar da dokar da ta faɗaɗa ikon hukuma na sauraren wayoyin jama'a, ya kuma jefa Musulmin ƙasar cikin zargi. A Oktoban 2001 aka shiga Afganistan. A Maris na 2003 aka shiga Iraƙi da hujjar makaman ƙare-dangi waɗanda ba a samu ba, inda sojan Amurka kusan 4,500 da Iraƙawa fiye da 100,000 suka mutu. Mu ma abin ya shafe mu: bayan wani matashi ɗan Nijeriya ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin da ya nufi Detroit a Disambar 2009, an sa ƙasarmu cikin jerin ƙasashe 14 da ake tsananta binciken matafiyansu.

Ta biyu ita ce guguwar Katrina ta ranar 29 ga Agusta, 2005. Yawancin birnin New Orleans yana cikin kwari ne, katangun tare ruwa ke kare shi. Da katangun suka karye, kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, kuma fiye da mutum 1,300 suka rasu a yankin. Masu mota sun fice tun da wuri. Talakawa, akasarinsu baƙar fata, su aka bari a filin wasa na Superdome suna kwanaki cikin yunwa da ƙishirwa, duniya tana kallo a talabijin. A 2006 sashen injiniyoyin soja, wanda ya gina katangun, ya amsa cewa akwai kuskure a tsarinsu.

Ta uku ita ce karyewar tattalin arziki ta 2008. Bankuna sun yi ta ba mutane bashin sayen gida ba tare da duba ko za su iya biya ba, sa'an nan su tattara takardun bashin su sayar wa wasu bankuna, kamar mai cika buhu da tsakuwa ya zuba hatsi a baki. Da farashin gidaje ya faɗi, asiri ya tonu. Ranar 15 ga Satumba, 2008, bankin Lehman Brothers, mai shekara 158, ya durƙushe. Majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, amma fiye da mutum miliyan 8 suka rasa aiki, miliyoyi kuma aka ƙwace gidajensu. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yulin shekarar ta dawo ƙasa da dala 40 a Disamba, kun kuwa san abin da wannan ke nufi ga baitulmalin Nijeriya.

Cikin wannan hali ne aka zaɓi Barack Obama a Nuwambar 2008, baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙasar, wanda mahaifinsa ɗan Kenya ne. A Maris na 2010 ya sa hannu a dokar da ta ba miliyoyin marasa ƙarfi inshorar lafiya. Duk da haka, haushin cewa an ceci masu banki an bar talaka bai huce ba, kuma masu nazari da yawa suna ganin yana cikin abin da ya share wa Donald Trump hanya a 2016.

Jama'a, a dukan masifun nan uku an sami waɗanda suka hango tsagar tun da wuri suka yi gargaɗi, amma gyara yana cin kuɗi, kuma wanda ya hana ɓarna ba a cika yi masa tafi ba. Abin da za a yaba wa Amurkawa shi ne, bayan kowace an kafa bincike, an kira manya sun amsa tambayoyi a bainar jama'a, an kuma buga rahoton kowa ya karanta. Idan 'ya'yanmu da ke ɗokin zuwa can suka tambaye mu, mu gaya masu ɓangarorin biyu duka.