Matasan da Suka Fara Buɗe Ƙofar Boko a Gidajensu

Jawabi ga masu aikin sa kai a Gwale

 Maganarmu ta yau a kan matasan da su ne na farko a gidajensu da suka yi zurfi a karatun boko.

Nan kusa da mu, a Kabuga, akwai tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Cikin ɗalibanta akwai 'ya'yan teloli da manoma, waɗanda iyayensu ba su taɓa shiga aji ba. Ranar da irin wannan yaro ya gama, gida duka ya zuba masa ido: kuɗin makarantar ƙanne, maganin tsohuwa, ga batun aure. Ya dawo daga bautar ƙasa, aiki shiru. Idan mace ce, sai a ce ta zaɓa, ko miji ko aiki. Babu wanda ya riga su bin hanyar nan a gida, balle su tambaye shi.

Kunya ba za ta bar su su ce suna cikin damuwa ba. Abin da za mu ji shi ne, "Ba na barci," ko "Tunani ya yi mini yawa." Wasu kuwa sai su nemi sauƙi wajen ƙwaya.

Taimakon da zai karɓu shi ne wanda ya san al'adarmu. A 1954, Dokta Adeoye Lambo ya fara kwantar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa tare da danginsa. A Zimbabuwe kuma, tun 2006 ake koya wa kakanni mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa da harshensu. Mu ma ga abin da za mu riƙe:

1. Mu saurara tukuna, kada mu yi saurin wa'azi.
2. Kada mu raba yaro da iyayensa. Da izininsa, mu jawo kawu ko gwaggo, liman ko fasto, wanda gidan ke jin maganarsa.
3. Mu riƙe sirri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
4. Mu taya shi jera matsalolinsa, ya zaɓi wadda zai fara da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
5. Idan ya daina cin abinci ko yana zancen kashe kansa, a kai shi ga likita ranar, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Dawanau. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta kare mutuncinsa.

Idan yaron nan ya tsaya da ƙafarsa, ƙannensa sun sami wanda za su tambaya. Allah ya taimake mu.