Yadda Zuciya Ke Auna Haɗari

Ku sani cewa zuciyar ɗan Adam ba ta auna haɗari da yawan rayukan da yake ci. Baƙuntarsa take dubawa, da ƙarar labarinsa.

Ku tuna shekarar 2014, sa'ad da cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare aka yi ta tashin mutane ta waya, wai a yi wanka da ruwan gishiri, har a sha. Mutum 8 ta kashe a Nijeriya. Ba mu ce tsoron banza ba ne, domin a Gini, Laberiya da Saliyo ta hallaka fiye da 11,000.

To, zazzaɓin cizon sauro fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 ya kashe kimanin 600,000, galibinsu yara ƙanana a Afirka. Wa ya taɓa tashin maƙwabcinsa da tsakar dare saboda sauro? Sabo ya rufe mana ido. Sannan adadi in ya yi yawa, sai tausayi ya dushe: yaro guda kwance a gabanmu yana girgiza mu, dubu ɗari shida kuwa lamba ce a takarda. Har gidan sauron da aka raba kyauta, akwai waɗanda suka shinge lambu da shi.