Tocila Ba Ta Ganin Hawan Jinin Ido

 

Kun san yadda ake yi a nan Zongon Kwatano. Mota ta zo, a kafa rumfa kusa da babban masallaci, a haska wa mutum tocila a ido, a miƙa masa tabaron karatu, a ɗauki hoto, a tafi. Washegari rediyo ta ce an duba idon mutum kaza. Na daɗe ina gaya wa masu shirya wannan gangami cewa leƙa ido suka yi, ba su duba shi ba. Su kuma suna cewa na cika tsauri.

Abin duba ido yana nan fiye da shekara ɗari. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Allvar Gullstrand, ya fito da shi a 1911, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel. A asibitocin Kwatano da sunan Faransanci muke kiran na'urar, lamf-a-fant, wato fitila mai tsaga. Majinyaci ya ɗora haɓa, ya jingina goshi, sai wani siririn haske ya ratsa idon daga gefe, kamar ranar da ke shigowa ɗaki mai duhu ta tsagar ƙyaure har ka ga ƙura tana yawo. Likita na kallo ta madubin da ke ƙara girman abu har sau 40. Nan zai ga gyambon baƙin ido, ya ga ɓarɓashin ƙarfe a idon mai walda, ya ga inda yanar ido ta kai.

Amma ba don waɗannan nake ta hayaniya ba. A shekarun 1950 Hans Goldmann na birnin Bern ya ƙera ɗan ma'aunin da ake ɗaurawa a jikin na'urar, mai auna matsin ruwan cikin ido, wanda ga yawancin masu lafiya yake tsakanin 10 da 21. Da wani ƙaramin madubi kuma a hannu, sai ka hango jijiyar gani kanta. Da waɗannan ake kama gilakoma, wadda muke cewa hawan jinin ido.

Ku saurari lissafin maƙwabtanmu. Daga 2005 zuwa 2007 an yi binciken makanta a duk faɗin Najeriya, aka duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Yanar ido ce ta farko wajen jawo makanta, gilakoma na bin ta. Mutum ɗaya cikin 20 yana da gilakoma. Cikin masu ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai shida cikin ɗari ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Ku sake ji: ba su kai shida cikin ɗari ba. Ciwo ne da yawanci ba ya zafi, ba ya jan ido, daga gefe yake cin gani a hankali. Mai shi yana iya karanta allon gwaji sarai, a ba shi tabarau, ya tafi yana godiya. Yana, a cire ta a ga gari. Abin da gilakoma ta ci ba ya dawowa. Za a ce ai Najeriya ce. Iyakar Seme da ke tsakaninmu da Najeriya tana tare mota, ba ta tare ciwo, kuma da yawanmu da ke zaune a nan kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato suka zo.

Ga kuma maganin ɗigawa da ake saya a gefen kasuwar Dantokpa in ciwon ido na afolo ya zo. Wasunsu na ɗauke da sitiroyid, ido ya yi fari, mutum ya ji daɗi ya ci gaba da ɗigawa, matsin kuwa yana hawa. Na sha ganin matashi ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya zo a makare saboda haka.

Wasu za su ce wai na'urar lamf-a-fant tana da tsada, wai ba wuta, wai wayar hannu ta kusa maye gurbinta. Kuɗin rumfa da riguna da man mota na 'yan gangami kaɗan ya isa a fara tara kuɗinta. Ƙwanta ba ya jan wuta, batir na riƙe shi. Waya kuwa, ranar da ta auna matsin ido a zo mu yi magana.

Abin da nake nema bai canza ba. A ajiye na'ura ɗaya da ma'auninta a cibiyar lafiyar unguwa, a horar da ma'aikacin jinya ɗanmu mai jin Hausa da Fon, wanda ciwonsa ya fi ƙarfin nan a tura shi babban asibitin Hubert Maga da takarda. Duk wanda ya kai 40 a auna shi, wanda akwai makanta a gidansu kada ya jira 40. Ranka ya daɗe sarki, in masu rumfa sun sake zuwa neman izini, a tambaye su ko na'urar tana cikin motar.