Koyar da Labarin Ƙasa a Taron Bitar Jarrabawa



An nemi in yi magana a kan yadda za mu bi da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare idan an tara su bitar labarin ƙasa gab da jarrabawa. Irin wannan taro kwana biyu ne ko uku, aikin shekara uku kuwa ba ya koyuwa a kwana uku. Malamin da ya zo da tulin rubutu yana karantawa yara suna kwafa, ya ɓata lokacinsa da nasu. Shawarata ita ce a shimfiɗa taswira tun safiyar farko, kada a naɗe ta sai an tashi.

Dalili kuwa, a jarrabawar Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma tambayar karatun taswira tilas ce, ba ta da zaɓi. Yaran da yawa kuma ba su taɓa riƙe taswirar awo a hannunsu ba sai ranar jarrabawa. To, a raba su biyar biyar, a ba su taswira, da rula, da zare. A fara da ma'auni: idan an rubuta 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa, idan 1:100,000 ne, santimita 1 ke nan. Su kwantar da zare bisa hanya mai lanƙwasa, su miƙe shi a kan rula, su fitar da nisan da kansu. Sa'an nan a koma ga layukan da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya. Inda suka matsu da juna gangaren yana da tsanani, inda suka ware ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. A tuna musu su duba ƙasan takardar, domin tsofaffin taswirorinmu da ƙafa suke nuna tsayi, ba da mita ba.

Na taɓa tarar da wata yarinya a wurin bita, ta haddace sunayen kogunan Nijeriya tsaf. Da na ce ta nuna mini inda Binuwai ke zubawa, sai ta bi da yatsa zuwa gabas, ta kai shi Kamaru. Alhali daga can ya taso, ya nufo yamma har ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Laifin ba nata ba ne, namu ne, mu da muka ba ta sunaye muka hana ta taswira.

Haka batun damina. Kowane yaro ya san ruwa yana sauka a Legas tun watan Maris ko Afrilu, Sakkwato kuwa sai wajen Yuni. Abin da mai duba takarda ke nema shi ne dalili: iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atalantika ta kudu maso yamma, tana ture busasshiyar iskar hamada zuwa arewa sannu a hankali, idan ta janye hunturu ya dawo. A tambaye su me ya sa Jos ta fi Bauchi ruwa da sanyi, ga su kusa da juna. Wanda ya ce tudu ne, ya fara ganewa.

Wani abu kuma, mu binciki littattafan da muke gado. An yi jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, suka kai 36 a 1996. Babban birni ya koma Abuja a 1991. Lalle ne malami ya gyara tsohon rubutunsa kafin ya tsaya gaban yara.

A rana ta ƙarshe, a ba su tambayar shekarun baya, a ajiye agogo, su amsa cikin lokacin da aka ƙayyade. A duba takardun nan take, kowa ya ga inda ya zubar da maki tun bai hau motar gida ba.