Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba



An nemi mu bayyana yadda muka yi da ɗan gajeren wasan fim da muka shigar gasa, aka dawo mana da shi cike da jan biro. Labarin wani saurayi ne ɗan Gwadangaji wanda ya ɗauki gora da homar mahaifinsa a ɓoye, ya nufi Argungu ranar su, domin ya samo abin biyan bashin gidansu. Da muka ga gyaran alƙalai ranmu ya ɓaci, har waɗansunmu suka ce a jefar da takardun. Tarihin adabinmu ne ya sanyaya mana zuciya.

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma sai da littattafan suka bi ta hannun mai gyara kafin a buga su. Shi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bai tsaya nan ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Rayuwar da Shaihu ya ba almajiransa labari da bakinsa, sai ga ta a gaban idon mai kallo. In aikin manya ya jure wannan sauyi, ina dalilin fushinmu?

Gyara uku aka yi mana. Na farko, an ce surutu ya yi yawa, domin yaron yakan tsaya yana bayyana baƙin cikinsa. Muka share jawabin duka, muka sa uwarsa ta buɗe rumbu ta tarar ba ko dami, shi kuwa yana kallonta daga bakin zaure. Na biyu, an ce ɗalibai ba su da ƙarfin tara dubban masunta a Matan Fada. Wannan ma gaskiya ne. Muka tsayar da labarin a daren jajibiri, yaron yana ɗinkin homa, ana jiyo kiɗa daga nesa.

Na uku shi ne muka ƙi. Wani alƙali ya ba da shawara mu mayar da maganar 'yan wasa daidaitacciyar Hausa, wai don kowa ya gane. Muka yi muhawara har dare, daga bisani muka bar "shina zuwa" da "mi kaka so" yadda suke. Basarken da ya buɗe baki da Kananci a bakin gulbin Kabi, mutanenmu za su yi masa dariya, kuma daga nan ba za su ƙara yarda da komai a fim ɗin ba. Mai yiwuwa wannan taurin kai ya hana mu kyauta a gasa ta gaba, mun kuwa yarda da haka.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an dawo muku da rubutu, ku ajiye shi mako guda, sa'an nan ku karanta shi da ƙarfi a gaban abokai. Gyaran da ya shafi gini ku karɓa da godiya. Wanda zai raba labarin da mutanensa, ku auna shi da kyau kafin ku amsa.

Allah ya ƙara mana basira.