Amsar Wasiƙunku: Sa wa A-kori-kura Manyan Tayoyi

 Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Tozai, cikin ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato. Ya ce yana da a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux da yake ɗaukar gero da albasa zuwa kasuwar Illela, amma rairayi da taɓon damina suna yawan kafe masa ita. An ba shi shawara ya sa mata manyan tayoyi masu kaushin ƙasa. Yana tambaya: shin za ta daina kafewa, ta kuma ƙara ɗaukar kaya?

To malam, mun gode da wasiƙarka. Ga amsa a taƙaice: za ta rage kafewa, amma ba za ta ƙara ɗaukar ko buhu ɗaya ba.

Da farko, dubi rubutun da ke gefen tayarka. Mu ɗauki misalin 265/65R17. Lamba 265 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne bisa faɗin, 17 kuma girman rim ne a inci. In ka koma 265/70R17, motar za ta ɗaga da santimita ɗaya da ɗan ɗori kawai. In ka haura zuwa 285/70R17, ɗagawar ba ta cika santimita 3 ba. Ka ji iyakar abin da kuɗinka za su saya.

Ga kuma abin da za ka biya bayan kuɗin taya. Babbar taya ta fi nauyi, kuma tana rage wa mota ƙarfin tashi, musamman da lodi. Saboda haka za ta ƙara shan mai, kuloci ya riƙa wahala, birki kuma ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita. Agogon gudu ma zai yi maka ƙarya: da 285/70R17, in ya nuna kilomita 100, to kana gudun 107 ne. Sannan in ka yi lodi ka karya sitiyari, tayar na iya gugar madigadi har ta yanke.

Batun kaya kuwa, ba taya kaɗai ke ɗauka ba. Sifirin da aksul da birki suna nan yadda kamfani ya yi su. Wanda ya ga mota ta yi tsayi ya ƙara buhu biyar, wallahi da ransa da na 'yan kasuwar da ke zaune bisa kayan yake wasa, don mota mai tsayi da dogon lodi ba ta da wuyar kifewa a kwana.

Shawararmu ita ce, in za ka ƙara, ka tsaya a mataki ɗaya. Ka sauya duka huɗun tare da safaya, iri ɗaya, girma ɗaya, musamman in motarka mai ja da ƙafa huɗu ce. Ka duba lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1,120 a kan kowace taya, kada ka sayi wadda ba ta kai ta asali ba. In kuma ta hannu ce, nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2321 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Taya kan tsufa ko da zanenta bai cinye ba, balle a zafin ƙasar Sakkwato.

Kafin ma ka kashe ko kwabo, gwada wannan: in za ka shiga rairayi, rage iska kaɗan, tayar za ta baje ta hau kan yashin. Amma da ka fito kwalta, tsaya wurin mai faci ya mayar da iskar, don taya mai ƙarancin iska da lodi zafi take yi ta fashe.

Malam, da fatan ka gamsu. Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya. Sai mun ji daga gare ku.